Karatun jami'a ta waya lokacin korona: wace manhaja ce ta yi wa ɗalibai rana?

Tambaya: Wai da aka rufe makarantu a 2020 jami'o'in Najeriya sun koma karatu ta intanet kuwa?

Amsa: Wasu sun koma, da yawa ba su koma ba. A watan Maris 2020 gwamnatin tarayya ta rufe makarantu, daga baya ministan ilimi na lokacin Adamu Adamu ya ce a koma koyarwa ta intanet, to amma a wannan watan na Maris ɗin ne ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta tafi yajin aikin da ba a janye ba sai Disamba, ka ga kenan a yawancin jami'o'in gwamnati ko manhajar na nan babu malamin da zai hau. Masu zaman kansu ne suka fi ci gaba, sai jami'ar karatu daga gida ta NOUN da dama can karatun daga nesa take yi.

Tambaya: Zoom fa, ba shi ne kowa ya dinga yi ba?

Amsa: Zoom ya yi wa ma'aikata amfani sosai, mitin ɗin sashe, zaman sanet ɗin jami'a, har kare kundin digiri. Amma lakca da ɗalibai ɗari uku wani zancen ne daban, na kyauta ɗin mutum 100 yake ɗauka kuma minti 40 yake yankewa, ga bidiyo yana shan data kamar me, ga yaron da ya koma ƙauyensu sai ya kai waya shagon caji sannan ya fita neman inda sabis yake kamawa. Wallahi duk malamin da ya ɗauki atendans da Zoom a irin wannan hali talauci ya auna ba ƙwazo ba.

Tambaya: To me ya fi dacewa da ɗalibanmu?

Amsa: Abin da ɗalibi zai sauke ya saurara lokacin da ya samu dama. Malam ya naɗi muryarsa minti goma sha biyar, ya haɗa da handawut na PDF ya tura gurup, shikenan, mai jiran datar dare mai araha ma ya samu. WhatsApp kowa na da shi sai dai lokacin mutum 256 kawai gurup ke ɗauka, shi ya sa manyan azuzuwa Telegram ya fi musu, yana ɗaukar dubbai kuma wanda ya shigo daga baya zai iya ganin abin da aka tura a baya. A dai rufe gurup ɗin lokacin darasi a bar admin kaɗai, in ba haka ba barka da Juma'a da tallan atamfa za su binne lakcar.

Tambaya: Ta ya malam zai gane ana binsa?

Amsa: Ɗan tes mai tambaya biyar a Google Forms duk mako, a ba da kwana biyu a amsa. Inda jami'a ke da manhajar koyarwa irin Moodle ko Google Classroom a can ake miƙa aikin gida. Wanda aka ji shi shiru mako biyu kilas-raf, wato wakilin aji, ya kira shi, sau da yawa waya ce ta lalace ko rashin lafiya a gida.

Tambaya: Su malaman an koya musu?

Amsa: Nan ne gizo ke saƙa. Farfesan da ya shekara talatin da alli da allo ba a rana ɗaya zai iya ba, kuma da yawa da kuɗin aljihunsu suke sa data. Ya kamata jami'a ta ware ma'aikacin sashen kwamfuta ga kowace tsangaya wanda za a kira ya ɗaga, ta kuma biya kuɗin datar.