Shimfiɗar bayan akori-kura

Shimfiɗar bayan akori-kura wani rufi ne na roba, ko katako, ko ƙarfe, ko wani sinadari da ake fesawa, wanda ake yi wa bodin motar ɗaukar kaya domin kare ƙasansa da gefunansa daga ƙarzuwa, da lotsewa, da tsatsa. Wasu ire-irenta kuma suna hana kaya zamewa idan direba ya taka birki. A Legas, inda ake dakon kayan gwari daga kasuwar Mile 12, da bulo da siminti zuwa wuraren gini, zaɓen shimfiɗa ya fi dogara ga yadda za ta yi da danshi fiye da yadda za ta jure nauyi.

Tarihi

Motocin akori-kura na farko da katako ake yi musu daɓe. Kamfanin Ford ya fara sayar da Model T mai bodin kaya daga masana'anta a 1925, kuma shekaru da dama bayan haka kamfanonin Amurka sun ci gaba da jera allunan katako a bayan motocinsu, suna danne su da siraran ƙarafa. Katako yana da kyau ta fuskar cewa kaya ba sa santsi a kansa, kuma idan allo ɗaya ya ruɓe sai a cire shi kaɗai. Da aka koma bodin ƙarfe zalla, sai matsalar ta canza kama: fenti ya ƙarje, ruwa ya samu ƙarfe tsirara, tsatsa ta kama.

Wajen shekarun 1970 ne aka fara ƙera shimfiɗar roba mai tauri a Amurka, wadda ake sarrafa ta daidai da bodin kowace irin mota, a ɗora ta kamar kwano a cikin kwano. Ta feshi kuwa ta biyo baya, ko da yake sinadarin da ta dogara a kansa, wato foliyuriten, tun 1937 Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar da shi a Jamus. Ana danganta farkon fesa shi a bayan motoci da Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1980. An kafa kamfanin Rhino Linings a birnin San Diego na Amurka a 1988, Line-X kuma ya biyo a 1993, kuma su biyun ne suka fi yaɗa wannan hanya. Daga baya wasu masu ƙera motoci suka kauce wa matsalar tun daga tushe: Toyota Tacoma ta 2005 ta zo da bodin ciki na haɗaɗɗiyar roba, Ford F-150 ta 2015 kuma ta zo da bodin alminiyam.

A Nijeriya, tsofaffin direbobi sun fi sanin akori-kurar Peugeot, 404 da 504, kafin Toyota Hilux ta mamaye hanya. A wancan zamani ba a sayen shimfiɗa a kanti. Kafinta ko mai walda ne ke yin ta, kuma har yau ba a bar wannan al'ada ba.

Ire-irenta

Ana ganin roba mai tauri a kan motocin tokumbo, wato na hannu daga ƙasashen waje, da ke shigowa ta tashoshin Apapa da Tin Can, kuma ana samun ta hannu a kasuwar Ladipo da ke Mushin. Tana shanye duka sosai, domin tudun da kwarin da ke jikinta suna raba ƙarfin abin da aka jefa, kuma ana iya cire ta. Aibinta a ɓoye yake. Yashi da ruwa suna shiga ƙarƙashinta ta gefuna da ramukan noti, motsin mota ya sa ta riƙa gogar fenti har ya cinye, laimar kuma ba ta samun iskar da za ta bushe. Sau da yawa idan fanel bita ya ɗaga irin wannan roba, yakan tarar da jan laka a kwance a lungunan da ke kusa da tudun taya, ƙarfen ƙarƙashi kuma ya yi laushin da sukundireba zai huda shi, alhali daga sama motar fes take. Bugu da ƙari tana da santsi, musamman ga kwandunan tumatir da jarkoki.

Ta feshi tana manne wa ƙarfen ne kai tsaye, da kaurin da yakan kai kimanin milimita 3, don haka babu ratar da ruwa zai kwanta. Ingancinta duka yana ga shiri: sai an kankare tsatsa, an goge fentin da sanfefa, an wanke maiƙo, sannan a fesa a kan busasshen ƙarfe. Wanda aka fesa a kan tsatsa ko danshi yakan kumbura ya ɓare. Ba ta ciruwa cikin sauƙi, ta fi tsada, kuma wasu nau'o'inta suna kodewa a rana. Akwai kuma mai araha da ake shafawa da burushi, wadda ba ta kai ta injin kauri ba.

Tabarmar roba mai kauri daɓe kaɗai take rufewa, amma tana riƙe kaya, kuma ana naɗe ta a wanke ƙarƙashi. Farantin ƙarfe mai zane da masu walda ke shimfiɗawa yana jure rodi da bulo, sai dai yana ƙara wa mota nauyi, kuma wurin walda ne tsatsa ke fara ci. Ana ci gaba da amfani da katako wajen dakon dabbobi.

Yanayin Legas

Iskar teku mai gishiri, da ruwan sama mai ƙarfi tsakanin Afrilu da Yuli, da ambaliyar da ke cika tituna, duk suna gaggauta tsatsa. Kayan da ake ɗauka ma suna da nasu tasiri, domin takin zamani, da gishiri, da ruwan batir, da ruwan ruɓaɓɓen kayan miya suna cin ƙarfe. Saboda haka mai dakon jiƙaƙƙen kaya ya fi dacewa da feshi ko tabarmar da ake ɗagawa, yayin da mai jefa kayan gini ya fi amfana da roba mai tauri, muddin zai riƙa cire ta yana wankewa bayan damina, kuma bai bar ta ta toshe ramukan fitar ruwa ba. Masu sayarwa suna saɓani kan wadda ta fi ƙara wa mota daraja a kasuwa.

Haɗari

Roba ba ta bari wutar lantarkin da ke taruwa ta hanyar gogayya ta sauka ƙasa, shi ya sa cika jarkar fetur tana kan shimfiɗar roba yana iya haifar da tartsatsi da gobara. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 1998, kuma ƙa'idar ita ce a sauke jarka ƙasa kafin a zuba mata mai, abin da ya shafi duk mai sayen man janareta. Hukumar ta sake yin wani gargaɗi a 2006 game da masu aikin feshi, domin tururin sinadarin aisosayanet da ke cikin abin da ake fesawa yana haddasa asma mai tsanani, har ya taɓa yin kisa. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Ana buƙatar abin shaƙar iska na musamman da rumfa mai fitar da tururi.