Ƙarshen Makon Wasa a Jami'ar Notre Dame

Ƙarshen makon wasa shi ne kwanakin da suke kewaye da wasan ƙwallon Amurka na jami'a, daga ranar Juma'a zuwa safiyar Lahadi, lokacin da tsofaffin ɗalibai da iyaye da magoya baya suke yin dafifi zuwa harabar makarantar da za ta karɓi baƙuncin wasan. Ƙwallon Amurka dabam yake da ƙwallon ƙafa da sauran duniya ta sani, domin da hannu ake riƙe shi ana jefawa, kuma 'yan wasa goma sha ɗaya na kowane ɓangare suna sanye da hular kwano da kayan kare kafaɗa. Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana a Amurka tana cikin wuraren da wannan al'ada ta fi yin jijiya, shi ya sa mutane da dama suke fara ziyararsu ta farko da ita.

Asali

Wani limamin Katolika ɗan Faransa, Edward Sorin, shi ya kafa jami'ar a 1842 a gefen garin South Bend. Ƙungiyar ƙwallon jami'ar ta buga wasanta na farko a 1887 da Jami'ar Mishigan, amma sunanta bai game ƙasa ba sai a zamanin koci Knute Rockne, wanda ya jagorance ta daga 1918 zuwa 1930. A shekararsa ta ƙarshe aka buɗe filin wasan da ake amfani da shi har yau, wanda bayan faɗaɗawar 1997 da gyaran 2017 yake ɗaukar mutum sama da 77,000. Jami'ar tana lissafa kambun ƙasa guda 11, na ƙarshe a 1988 ƙarƙashin koci Lou Holtz, kuma tashar talabijin ta NBC ce take nuna wasanninta na gida tun 1991.

Wasannin jami'o'i ranar Asabar aka fi yin su, kuma akwai doka a bayan wannan tsari: dokar watsa wasanni ta 1961 ta taƙaita nuna wasannin ƙwararru a talabijin daren Juma'a da ranar Asabar a mafi yawan kakar, don kada su janye 'yan kallo daga makarantun sakandare da jami'o'i. Kakar tana farawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, wasannin gida kuma sukan ƙare a Nuwamba. Shida ne ko bakwai a shekara, wannan ƙarancin ne kuma yake sa kowannensu ya zama kamar ranar biki.

Zaɓen wasa da masauki

Abin da ya kamata baƙo ya fara yankewa shi ne wasan da zai je, domin kuɗin tikiti da na ɗaki da irin tufafin da zai ɗauka duk a kansa suka rataya. Wasa da tsohuwar abokiyar hamayya, irin Jami'ar Kudancin Kalifoniya wadda suka fara karawa a 1926, yakan yi tsada ƙwarai, alhali wasa da ƙaramar makaranta a Satumba ya fi sauƙin samu, kuma bukukuwan harabar ba sa raguwa saboda shi. Ga mai zuwa karon farko wannan ya fi dacewa. Neman tikiti a wannan fili daɗaɗɗen abu ne, domin an sayar da kujerunsa kakaf a wasanni 273 a jere kafin a samu giɓi a Nuwambar 2019. Dole kuma a duba jadawali da kyau, saboda jami'ar takan kai wani wasan da ake lissafa shi na gida zuwa wani birni dabam.

Masauki ne ya fi ba baƙi wahala. Mutanen South Bend sun ɗan haura 100,000, ke nan masu shiga filin a yini ɗaya sun kai kusan kashi uku cikin huɗu na mazauna garin, ban da dubban da suke zuwa harabar ba tare da tikiti ba. Otal-otal na kusa sukan cika tun watanni kafin ranar, farashinsu yakan ninka, da yawansu kuma ba sa ba da ɗaki sai na kwana biyu a jere. Wasu mazauna unguwannin da ke kusa da makarantar sukan bar gidajensu su ba da su haya na ƙarshen mako. Wanda ya makara yakan nemi wuri a garuruwan da ke kusa, Mishawaka ko Elkhart, ko ya tsallaka iyaka zuwa Niles a jihar Mishigan.

Wasu kuma a Shikago suke kwana, mai nisan kimanin kilomita 150 ta yamma, su shigo da mota ko jirgin ƙasa na South Shore, wanda yake tashi daga tashar Millennium ya tsaya a filin jirgin saman South Bend. A nan akwai tuntuɓen da ya sha kama baƙi: agogon South Bend yana gaba da na Shikago da awa ɗaya. Wanda ya bar Shikago da ƙarfe goma na safe ya yi tafiyar awa biyu, zai tarar ƙarfe ɗaya ta yi a inda ya isa, kuma rabin hidimar safiya ta wuce shi.

Ranar Juma'a

Wanda zai iya isowa ranar Juma'a bai kamata ya bari sai Asabar ba, domin a ranar ce ake iya ganin harabar a tsanake. Babban ginin gudanarwa na 1879 yana ɗauke da ƙubba mai ruwan zinari, kuma launinta ne ake gani a hulunan kwanon 'yan wasa. Kusa da shi akwai babbar majami'ar jami'ar, a bayanta kuma wani kogon duwatsu da aka gina a 1896, inda mabiya Katolika suke kunna kyandir. A bangon ɗakin karatu na Hesburgh akwai zanen Yesu mai tsawon mita 41 da hannuwa a sama, yana fuskantar filin wasa. Da yake haka alƙalin wasa yake ɗaga hannu idan an ci, sai jama'a suka laƙaba masa suna Touchdown Jesus, kuma da wuya baƙo ya wuce bai ɗauki hoto a bakin tafkin da ke gabansa ba.

Da yamma masu busa kakaki na ƙungiyar badujala ta jami'ar sukan jeru a cikin zauren da ke ƙarƙashin ƙubbar, amon yana dukan bango yana dawowa kan mutanen da suka cika benaye suna leƙowa. Da tsakar dare kuma makaɗan ganga sukan yi da'ira a gaban ginin. Musulmin da ya iso da wuri zai samu sallar Juma'a a masallacin Islamic Society of Michiana da ke cikin garin.

Ranar Asabar

Tun da sassafe wuraren ajiye motoci suke komawa wuraren walima. Kowane iyali yakan buɗe bayan motarsa, ya kafa ƙaramar rumfa da tebur da murhun gashi, a yi ta ci da hira har lokacin wasa, kuma ba abin mamaki ba ne a miƙa wa baƙon da ba a sani ba faranti. Naman alade da giya suna da yawa a waɗannan rumfuna, don haka wanda addininsa ya hana masa su ya tambaya kafin ya karɓa, ko ya zo da guzurinsa. Wuraren ajiye mota na jikin fili sai da takardar izini, sauran baƙi kuma sukan ajiye a filin White da ke arewacin harabar, bas ta kwaso su.

Awanni kaɗan kafin a take wasa 'yan wasa sukan ratsa harabar a ƙasa zuwa fili, jama'a sun yi musu layi hagu da dama. Ƙungiyar badujala kuma takan yi kiɗa a matakalar ginin Bond, sannan ta yi maci zuwa fili. Tikiti a waya yake, kuma da yake intanet yakan yi nauyi saboda cunkoso, gara a sauke shi tun daga masauki. Ba a shiga da babbar jaka sai ta roba wadda ake ganin cikinta.

Agogon wasa minti 60 ne, kashi huɗu na minti 15, amma tsayawar da ake yi tsakanin kowane yunƙuri da hutun talla da hutun rabin lokaci na minti 20 sukan ja shi ya wuce awa uku. Ɓangaren da ƙwallo yake hannunsa yana da dama huɗu ya ci yadi goma, idan ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki shida. Ɗalibai a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, kuma duk lokacin da aka ci sukan ɗaga abokansu sama suna cilla su sau adadin makin da ƙungiyar ta tara. Mafi yawan kujerun benci ne mara majingini a sarari babu rufi. A Satumba rana takan yi zafi, a Nuwamba kuwa iska mai sanyi daga tafkin Mishigan takan kawo dusar ƙanƙara, saboda haka riga a kan riga da safar hannu da hula wajibi ne, musamman a wasan dare.

Bayan an tashi 'yan wasa sukan nufi kusurwar ɗalibai, a rungumi kafaɗar juna ana rera taken makaranta. Hanyoyin fita daga harabar sukan cushe na tsawon lokaci, shi ya sa waɗanda suka saba suke komawa rumfunansu su ƙarasa abincin da ya rage har motoci su ragu. Mai komawa Shikago da jirgin ƙasa ya tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe tun kafin ya shiga fili.