Tekun Kaspiyan

Tekun Kaspiyan shi ne ruwa mafi girma a duniya da ƙasa ta kewaye ta ko'ina. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 371,000, kuma ƙasashe biyar ne ke bakinsa: Rasha, Kazakistan, Turkmenistan, Iran da Azarbaijan. Ba shi da mafita zuwa babban teku, ruwansa tururi yake zama ya tashi. Kogin Bolga ne ke kawo kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa. Larabawa da Farisawa sun daɗe suna kiransa Tekun Khazar.

Kamanninsa daga sararin samaniya

A hotunan tauraron ɗan'adam, arewacin tekun kore-kore yake fitowa, saboda matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 5 zuwa 6 ba, ga laka da Bolga ke kwararowa da ita. Da hunturu wannan ɓangare daskarewa yake yi. Kudu kuwa shuɗi ne mai duhu, inda zurfi ya haura mita 1,000. Daga gabas akwai Kara-Bogaz-Gol, wata kusurwar teku mai tsananin gishiri. Tarayyar Sobiyet ta datse ta a 1980 don tsimin ruwa, sai ta ƙafe, aka buɗe ta a 1992.

Tarihin rabo

Tun ƙarni na 19 ake ja-in-ja kan wannan teku. Yarjejeniyar Gulistan ta 1813 da ta Turkmenchay ta 1828, waɗanda Rasha da Iran suka ƙulla, sun bai wa Rasha ita kaɗai damar ajiye jiragen yaƙi a cikinsa. Daga baya Sobiyet da Iran suka ƙulla wasu yarjejeniyoyi a 1921 da 1940 kan zirga-zirgar jirage da kamun kifi, amma ba su ce uffan kan arzikin da ke ƙarƙashin ruwa ba. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, masu tekun suka tashi daga biyu zuwa biyar, giɓin nan ya fito fili.

Man fetur ne tushen rigimar. An haƙa rijiyar mai ta zamani ta farko kusa da Baku, babban birnin Azarbaijan a yau, wajen 1846, kuma zuwa farkon ƙarni na 20 yankin na samar da kusan rabin man duniya. A 1949 aka fara haƙo mai a tsakiyar ruwa, a 2000 kuma aka gano rijiyoyin Kashagan na Kazakistan.

Sai ranar 12 ga Agustan 2018 shugabannin biyar suka rattaba hannu kan yarjejeniya a birnin Aktau na Kazakistan. Kowace ƙasa ta samu mil 15 na ruwa daga gaɓarta, da ƙarin mil 10 na kamun kifi. Rabon ƙasan tekun an bar wa maƙwabta su sasanta tsakaninsu, kuma a kudu ba a kammala ba.

Kifi da muhalli

Tekun ya yi suna da kifin stajin, wanda ake cin ƙwansa mai tsada. Yawan kamun kifi da madatsun ruwa a kan Bolga sun kusa ƙarar da shi, abin takaici ga kifin da ya shafe miliyoyin shekaru a duniya. Ruwan tekun kansa yana ja da baya tun bayan 1995, kuma hotunan sama sun nuna gaɓar arewa maso gabas tana komawa tudu.