Tsohon jirgin yaƙi: a gyara ko a sayi sabo?

Me ya sa har yanzu sojan saman Najeriya ke tashi da Alpha Jet, jirgin da ya haura shekara 40?

Saboda kuɗi, kuma saboda yana aiki. Guda 24 aka sayo tun farkon shekarun 1980, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, asali ma don koyar da matuƙa aka fi yinsa, amma shi ya je Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ne kuma ya dawo yana ruwan wuta a Sambisa. Sababbin jiragen yaƙi na Super Tucano 12 da suka iso a 2021 sun laƙume kusan dala miliyan 500, to ka ga ba abu ne da za a riƙa saya duk shekara ba.

To ai tsohon abu kullum cikin lalacewa yake, ba asara ba ce?

Tsufa kaɗai ba ya kashe jirgi, rashin sabis ke kashe shi. Dubi jiragen yaƙi na Jaguar 18 da aka kawo daga Birtaniya a 1984, sun fi Alpha Jet ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ko shekara goma ba su yi ba aka ajiye su saboda babu kuɗin kula da su, haka suka zauna rana da ruwa na dukansu. Wallahi abin akwai ciwo. Ranar saye kowa na son a ɗauke shi hoto, amma kuɗin kayan gyara da horar da makanikai da mai na atisaye, su ake fara yankewa in kasafin kuɗi ya matse, alhali su ne ran jirgin.

Ina ake samun kayan gyaran tunda an daina ƙera shi?

Nan ne wahalar. Tun 1991 aka daina ƙera Alpha Jet. Sai dai a nemi gwanjo wajen ƙasashen da suka yi ritayar nasu, ko a kwance ɗaya a tada biyu. Iran ta daɗe tana haka da jiragen F-14 ɗinta ƙirar Amurka tun bayan juyin 1979 da Amurka ta rufe mata ƙofa. Dabara ce ta dole, amma kowane kwancewa rage yawan jiragenka yake yi.

Me ake canzawa in an ce an inganta jirgi?

Yawanci gangar jikin na nan, cikin ake taɓawa, rediyo, kwamfutar saita makami, na'urar gane hanya, kyamarar dare, wani lokaci har inji. Amurka ma da duk arzikinta jiragen jefa bam na B-52 da aka gama ƙerawa a 1962 take sa wa sababbin injinan Rolls-Royce don su kai shekarun 2050.

Yaushe ya kamata a haƙura?

In ƙarfen fiffike da na jiki ya gaji ya fara tsagewa, ko kuma jirgin ya fi daɗewa a wajen gyara fiye da a sama. A nan kam rowa ta zama wasa da ran matuƙi, kuma matuƙin da aka yi shekaru ana horarwa ya fi jirgin tsada. Shi ya sa odar sababbin jiragen M-346 guda 24 da Najeriya ta yi daga Italiya ta yi daidai, in dai an sa kayan gyara da horar da yaranmu na AFIT Kaduna, makarantar fasaha ta sojan sama, cikin lissafin tun yanzu.