Me ake nufi da tantance koren launi a zanen bango?

Jama'a duk wanda ya san ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ya san ba launin da muke so a bango irin kore, masallaci kore, ƙofar zaure kore, islamiyya ma kore, ga masu zanen firamare da suke zana ganye da tutar Najeriya a jikin aji. To abin da ake kira tantance launi shine masana kimiyya su gano takamaimai wane sinadari ne a cikin fentin, saboda koren da ido ke gani iri ɗaya wallahi ba ɗaya bane.

Akwai koren ƙasa da ake haƙowa, akwai na tsatsar jan ƙarfe irin wadda ke fitowa a jikin tsohuwar tagulla. A 1775 wani ɗan Suwidin mai suna Scheele ya haɗa nasa koren da jan ƙarfe da wani sinadari mai guba da ake kira asanik, a 1814 aka fito da wani mai ɗaukar ido a Jamus shima da asanik, guba ce zalla har maganin ɓera da ƙwari aka riƙa yi da shi. Daga baya koren da ake yi da wani ƙarfe mai suna kuromiyam ya shigo wanda baya jin rana, sai a 1938 aka fara sayar da fatalosayanin kore wanda masana'antun fenti suke ta amfani da shi har yau.

Yanda ake ganewa kuwa nan ne abin ya fi burge ni. Akwai na'urar XRF, ana riƙe ta a hannu kamar abin auna zafin goshi na lokacin korona, a kanga a jikin bango ta harba hasken eksire, cikin ɗan lokaci ta nuna maka akwai jan ƙarfe ko dalma ko kuromiyam, ba a kankare komai ba. Amma fa tana da iyaka, in ta ce jan ƙarfe ba ka gama ba tukuna domin tsatsar tagulla da koren Jamus ɗin nan da fatalosayanin duk suna da shi, shi yasa ake ƙarawa da gwajin Raman, sunan wani masani ne ɗan Indiya da ya gano hanyar a 1928 ya samu kyautar Nobel a 1930, ita wannan hasken lesa ake haska wurin da shi, yanda hasken ya dawo shi zai faɗi ainihin haɗin. In ta kama dole sai a ɗauki ɗan ɓarɓashi a duba gefensa a madubin ƙara girma, sai kaga fenti hawa hawa, na asali a ƙasa na masu gyara a sama.

Wani koren ma ba kore bane tun farko, shuɗi ne da rawaya aka gauraya, kuma irin shuɗin da ake kira na Furushiya baya shiri da farar ƙasa, shi yasa irin wannan haɗin yake sauya kala a bangon da aka yi wa ita.

Amfaninsa a wurinmu ba ƙarami bane. In aka samu fatalosayanin a wani hawa, to wannan hawan bai girmi 1938 ba ko da mutanen gari sun ce tun zamanin kakanni yake. Mai gyaran tsohon adon fada ko zaure zai san irin fentin da ya dace ya sa. Abin da ya fi damuna dai dalma ce, domin rawayan da ake haɗa wancan koren da shi akwai mai dalma, kuma yaranmu suna ɓantarar bango su kai baki, ga mai fenti yana goge tsohon bango da sanfefa a bushe ba takunkumi yana shaƙar ƙurar, alhali ko jiƙa wurin ya yi kafin ya kankare ƙurar zata ragu sosai.