Raya ƙauyukan kan tsaunuka: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ayyukan da ake kawowa daga waje kan mutu a ƙauyukan kan dutse?

Yawanci ginin ba ya gagara, kulawar ce ke gagara. Famfo ya lalace, mai gyara yana nesa, ga damina ta yanke hanya. Shi ya sa tun kafin a fara haƙa ake kafa kwamitin gari, har da mata tunda su ke ɗiban ruwa da itace, a buɗe asusun gyara da kowane gida ke zuba wani abu, a koya wa mutum biyu aikin. Idan ɗaya ya tafi ci-rani, ɗaya na nan. A Nepal, dokar gandun daji ta 1993 ta damƙa dazuzzuka a hannun ƙungiyoyin mazauna, su ke tsara sara da dashe.

Da wane aiki ya kamata a fara?

Da tare ƙasa, don idan ruwan sama ya kwashe ta babu abin da zai tsaya. Ana jera duwatsu a gicciye, layin ya bi tsayi ɗaya. Ma'aunin ba ya buƙatar kuɗi: sanduna uku a ɗaure kamar harafin A, da igiya mai dutse tana reto daga sama. Inda igiyar ta faɗa tsakiyar sandar gicciye, ƙafafun biyu suna daidai, sai a kafa turke. A haƙa ɗan rami a zaunar da manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana su cike kafofi. Idan gangaren yana sauka mita 1 cikin kowace mita 10, tazarar layuka ta zama kimanin mita 10. In ya fi tsini a matso da su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa daga gindin tudu. Ruwa kan taho da ƙarfinsa ya rushe layin, don haka daga sama ake farawa, kuma sai maƙwabta sun yarda tare. Mutanen Konso na Habasha sun shafe ɗaruruwan shekaru suna wannan aikin jera duwatsu, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Ruwan sha fa, ba sai da inji ba?

A'a, gangara ce injin. A gina akwatin siminti a bakin maɓuɓɓuga, a killace shi daga dabbobi, a ja bututu zuwa tankin gari. Sai dai kowace mita 10 ta sauka tana ƙara matsin ruwa da kusan "bar" ɗaya (ma'aunin matsi ke nan), to bututun da aka yi don "bar" 6 zai iya fashewa idan saukar ta wuce mita 60. A nan ake sa ƙaramin tanki ya karya ƙarfin. A auna maɓuɓɓugar a ƙarshen rani da bokiti da agogo. Awon damina yaudara ne.

Ƙorama za ta iya ba da lantarki?

Tana iya. A ninka tsayin faɗuwar ruwa a mita da yawan lita a daƙiƙa, a sake ninkawa da 5. Mita 20 da lita 10 za su ba da wat 1,000 ko kusa, ya isa fitilu da cajin waya. Yashi ne ke cinye farfelar da ruwa ke juyawa don samar da wutar, sai a gina kwamin da zai kwanta kafin ruwa ya shiga bututu, a riƙa kwashe shi akai-akai.