Mene ne TGP, kuma wane fawa saflai ne zai ɗauki katin hotonka?

Wanda duk ya duba bayanin katin hoto, wato GPU, zai ci karo da lambobi biyu masu W, wato wat, a ƙarshe, kuma nan ne kai ke ɗaurewa. Ɗauki RTX 4090 da Nvidia ta fitar a 2022: TGP ɗinsa wat 450 ne, amma kamfanin ya ce a haɗa shi da fawa saflai, wato akwatin da ke ba kayan kwamfuta wuta, mai wat 850. TGP ita ce wutar da katin shi kaɗai yake sha idan aiki ya yi masa nauyi, har da ƙwaƙwalwarsa da fankokinsa. AMD kuwa, wadda ita ma take yin katin hoto, TBP take rubutawa a maimakon TGP. Lamba ta biyun ta kwamfutar ce baki ɗaya: furosesa, madabod, RAM, diski, fankoki, sai kuma rara. RTX 4060 wat 115 kacal yake sha, an ba shi shawarar 550.

Rarar nan ba almubazzaranci ba ce. Katin hoto ba ya jan wuta bai ɗaya. A tsakiyar wasa yakan fizgi wutar da ta zarce TGP ɗinsa nesa ba kusa ba, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Fawa saflai mai rauni sai ya ɗauka matsala ce, ya kare kansa, kwamfuta ta ɗauke ɗif ba tare da wani saƙo ba. Mutum ya yi ta zargin Windows, alhali ba ruwanta. Dalilin ke nan ƙa'idar ATX 3.0 ta Intel ta wajabta wa manyan fawa saflai jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon mikrosakan 100.

Sai dai a ganina, babbar lambar da ke jikin kwali ita ce ta fi yaudarar masu saye. Juya fawa saflai ɗin ka karanta takardar da ke manne a gefensa, ka nemi layin +12V, domin daga nan katin hoto da furosesa suke sha. Ninka bolt da amfiya ka sami wat. A ce wat 650 aka buga a kwalin: idan an rubuta 54A, wato amfiya 54, 12 sau 54 ya ba ka 648, wato mai 650 na gaske. Idan 40A ka gani, wat 480 ke nan, komai girman 650 da aka buga a kwalin.

Sai batun wayoyi. Ramin PCIe da ake soka katin yana bayar da wat 75. Filogi mai fil 6 yana ƙara 75, mai fil 8 kuma 150. Katin da ke da ramuka biyu masu fil 8, gara kowane rami ya sami wayarsa daga fawa saflai, ba waya ɗaya mai kai biyu ba. Sabon filogi mai fil 16, wato 12VHPWR, yana kai wat 600, kuma shi ne wanda aka yi ta ganin hotunansa ya narke a jikin RTX 4090, galibi inda bai shige har ƙarshe ba. A tura shi sai an ji ƙas, kada kuma a lanƙwasa wayar dab da bakinsa. An gyara fasalinsa daga baya aka kira shi 12V-2x6.

Tambarin 80 Plus, ko Bronze ne ko Gold, bai shafi ƙarfi ba, yana nuna yawan wutar da ba ta tafiya a zafi ne. Kuma mai wat 850 ba ya jan 850 kullum daga soket. Abin da kwamfutar ta buƙata yake ja, da ɗan abin da ya salwanta a zafi.